Auna mahaɗan da ke shigowa shafi: abin da aikin ya koya mana

Mai otal a Rayfield ko mai shagon atamfa a Wuse, idan ya biya a ɗaga masa shafi a binciken Google, abin da yake fara tambaya shi ne mahaɗi nawa ya samu, wato link ɗin da wasu gidajen yanar gizo suka saka mai kai mutum shafinsa. Wannan lamba kuwa yaudara gare ta. Gidan yanar gizo ɗaya zai iya liƙa mahaɗinka a ƙasan kowane shafinsa. In shafukansa 3,000 ne, rahoto zai nuna maka 3,000, alhali baki ɗaya ne ya yabe ka. Shi ya sa gidajen da suka kawo mahaɗin ake ƙirgawa, kowane gida sau ɗaya.

A fara da Google Search Console, dandalin Google na masu shafukan yanar gizo, kyauta ne. A sashen Links akwai jerin gidajen da suka fi kawo mahaɗi, da shafukanka da aka fi nunawa, da kalmomin da aka ɗora mahaɗin a kansu. Ana iya sauke layi har 100,000 zuwa Google Sheets. Sai dai samfuri ne, ba duka ba, kuma ba ya ware mahaɗin da aka yi wa alamar nofollow, wadda ke gaya wa Google cewa mai shafin bai tsaya wa mahaɗin ba. Dole a buɗe shafin, a leƙa rubutun HTML ɗinsa, a duba abin da ke gaban kalmar rel, inda ake saka alamar. Alamar nofollow ta fito a 2005, sponsored (na talla) da ugc (na abin da baƙin shafi suka rubuta) suka biyo baya a 2019. Mahaɗi mai ɗauke da su yana iya kawo baƙi, amma kada a sa ran zai ɗaga matsayi.

Inda ake yawan samun saɓani da abokin ciniki shi ne makin ƙarfin shafi da kamfanonin auna mahaɗai ke bayarwa. DA na kamfanin Moz ne, DR na Ahrefs, kuma Google ba ya aiki da ko ɗaya. Tun 2016 ma ya daina nuna wa jama'a nasa makin, wato PageRank. Kowane kamfani da manhajarsa da ke yawo tana tattara shafuka, don haka lissafinsu ba ya zuwa ɗaya. A zaɓi ɗaya, a riƙa aunawa a rana guda kowane wata, a rubuta gidajen da suka shigo da waɗanda suka fice. Tashi daga 10 zuwa 20 ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan daga 60 zuwa 70, saboda haka kada a yi wa kowa alƙawarin maki.

Asarar da ta fi ciwo daga cikin gida take zuwa. Sai a sake fasalin shafi, ko a koma .com.ng daga .com, a manta da tsofaffin adireshi. Mahaɗin da wata jarida ta ba ka ya faɗa kan kuskuren 404, wato ba a sami shafin ba, amfaninsa ya tafi. Maganin shi ne juyawa ta dindindin da ake kira 301, kowane tsohon adireshi zuwa sabon da ya dace da shi, ba a tara su duka a shafin farko ba.

Su kuma masu tallan mahaɗi dubu a kuɗin katin waya, a jerin kalmomi ake gane aikinsu: jimla ɗaya, irin "otal mai araha a Jos", tana maimaituwa daga gidajen caca na ƙasashen da ba su san Filato ba. Tun da ya fito da tsarin Penguin a 2012 Google ke farautar irin wannan, yanzu galibi watsi yake yi da su. Kayan disavow, da ake roƙon Google ya yi watsi da wasu mahaɗai da shi, ba a taɓa shi sai in an sayi mahaɗan da gangan, ko gargaɗi ya bayyana a sashen Manual actions na Search Console.