Jan ƙarfen Azelik

Yau da rana wani abokin aikina da ya dawo daga Ingal ya ajiye mini wani ɗan dutse a tebur, bai kai girman dabino ba, jikinsa da ɗigo-ɗigon kore kamar tsatsar tsohuwar butar tagulla, ya ce daga kewayen Azelik, a jihar Agadez ta Nijar, ya tsinto shi. Koren nan alamar jan ƙarfe ce, wanda ruwan ƙarƙashin ƙasa ya narkar tun da daɗewa, ya ratsa da shi cikin shimfiɗun yashi da laka da suka daskare a kwarin Tim Mersoi, yamma da duwatsun Ayar, ya bar shi a siraran jijiyoyi kusa da doron ƙasa. Shi ya sa mutanen zamanin da ba su yi dogon haƙa ba. Farfasa dutsen suke yi, su tsince ƙwayoyin, su narka.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yawancin masana na ganin Azelik ce Takedda, tsohuwar cibiyar kasuwanci wadda matafiyin nan ɗan Maroko Ibn Baɗuɗa ya ziyarta a 1353, ya tarar ana zuba jan ƙarfen sanda-sanda ana ciniki da shi, sirara a sayi nama da itace, masu kauri a sayi gero da alkama, har ana kai shi Gobir da Barno. Yanzu tsohon garin kufai ne, kuma in an ambaci Azelik, ma'adinin yuraniyom ake nufi. Ina ganin ya kamata ɗalibanmu su san cewa jan ƙarfen da ake kaiwa Gobir ya taɓa fitowa daga irin wannan dutse.