Yadda na tattaro 'yan ajinmu na firamare

Ni na ɗauki nauyin nemo 'yan ajinmu na firamare bayan kowa ya kama gabansa shekaru masu yawa. Neman bai ba ni wahala ba. Mutum ɗaya na fara samu a Facebook, ya ba ni lambar wani, wancan ya haɗa ni da wasu, kafin ka ce kwabo mun buɗe zaure a WhatsApp. Lokacin da muka rabu babu waɗannan hanyoyin, domin Facebook sai a 2004 ya zo, WhatsApp kuma a 2009. A wancan zamanin, idan iyayen abokinka suka tashi zuwa wani gari, shi ke nan, sai dai ka ji labari.

Inda aikin yake shi ne ranar da muka haɗu ido da ido. Wani mutum ya nufo ni da furfura a gemu, yana riƙe da hannun 'yarsa, ya kira ni da sunan da rabona da jin sa tun ina ɗan yaro. Na tsaya ina kallonsa, na rasa inda na san fuskar. Sai da ya yi dariya ya kai hannu ya rufe bakinsa, yadda yake yi tun lokacin da haƙoransa na gaba suka zube, sannan na gane shi. Tabon da ya samu a gira ranar da ya faɗi a filin ƙwallo yana nan daram. Wannan yaron ne da in malam ya ce ya fito gaban allo sai hawaye, yau ga shi malamin makaranta, yana tsayawa gaban aji kullum. Na daɗe ina jinjina abin.

Ita kuwa yarinyar da ba a jin muryarta a aji, yanzu ma'aikaciyar jinya ce, kuma ita ta riƙa tsara mana zaman, kowa na cewa "to, Hajiya".

Amma ba duka labarin ne mai daɗi ba. Wanda ya fi mu ƙoƙari, wanda kowa ya ɗauka zai yi nisa, rashin lafiyar mahaifinsa ta tsayar masa da karatu. Yana cikin zauren, amma ba ya cewa uffan. Da na kira shi mu biyu muka yi hira mai tsawo, a nan na fahimci tambayar nan ta "me kake yi yanzu?" tana da nauyi a kunnen wanda duniya ba ta tafi masa daidai ba. Tun daga ranar, in na samu wani sabo, da tambayar lafiyarsa da ta iyali nake farawa, in bar shi ya faɗi sauran in ya ga dama. Wasu kuma da muka tambaya, sai aka ce ai sun riga mu gidan gaskiya. Allah ya jiƙan su.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda hira ke ƙarewa da wasu da zarar an gama tuna baya. Da farko abin ya dame ni. Daga baya na ci karo da binciken Jeffrey Hall na Jami'ar Kansas a Amurka, wanda ya fito a 2018, inda ya nuna ana buƙatar kimanin awa 50 tare kafin sanayya ta fara zama abota, sama da awa 200 kuma kafin a zama aminai. Mu a aji muna cika waɗannan awanni cikin 'yan watanni ba tare da mun sani ba. Yanzu aiki da hidimar iyali sun cinye lokacin, kuma mutumin da ke gabanka ya yi rayuwar da ba ka san komai a kanta ba, dole ka zauna ka san shi daga farko.

Shi ya sa na daina sa ran zauren zai mayar da mu yadda muke a da. Na zaɓi 'yan kaɗan da nake kira a kai a kai, ciki har da wancan mai shirun. Kwanan baya shi ya fara kira na, yana neman shawara kan komawa karatu, muka raba dare muna duba makarantun da ke karɓar manya.