Kind, nice, gentle: inda Faransanci ke kada mu 'yan Damagaram

Tun da kundin mulkin da aka fitar a Nijar a Maris 2025 ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci kuma harsunan aiki, samari nan Damagaram sun ɗauki Ingilishi da zafi, kowace fada ka je ana shan shayi sai ka ga wani ya duƙufa kan waya yana haddace kalmomi. Madalla. Amma fa akwai wani rami da kusan kowa ke faɗawa in an zo maganar halin mutum, kirkinsa ko muguntarsa.

Mu da Faransanci muka soma lakwal, wato makarantar boko, Ingilishi sai a kolej, shi ya sa kanmu ke bi ta Faransanci kafin ya iso. Sau da yawa hakan riba ce, don tun da Normandawa suka ci Ingila a 1066 kalmomin Faransanci suka cika Ingilishi maƙil, generous mai kyauta, cruel azzalumi marar tausayi, charitable, compassion, hostile, duk ka san su tun kafin mushe, wato malamin aji, ya rubuta a allo. To amma gentil na Faransanci, wato mutumin kirki, ba gentle ba ne! Gentle shi ne mai taushin hannu da sanyin hali, kamar mai jinyar da ke wanke miki a hankali kar ya yi ma zafi. Mutum na iya zama gentle kuma bai taɓa ba kowa ko dala ba. In kana nufin mutumin kirki, kind za ka ce. Haka sympathique, wato mai daɗin mu'amala, wanda muke gajartawa sympa, sai ka ji yaro ya ce abokinsa very sympathetic, alhali a Ingilishi wannan mai jajanta ma ne lokacin da abu ya same ka, Bature ya ji haka zai ɗauka rasuwa aka yi muku. Friendly ake cewa, ko nice.

Shi nice ɗin nan ni bai cika burge ni ba wallahi. Fara'a ce da daɗin baki, dillalin kasuwar Dole da ke ce ma Alhaji sannu da zuwa, ya kawo ma kujera da ruwan sanyi, nice ne, ko da yana shirin yankar ka a ciniki. Kind kuwa sai da aiki, mai kabukabun da ya ga tsohuwa da kaya cikin rana ya kai ta Birni bai karɓi ko sisi ba, wannan shi ne kind. Asalin kalmomin ma ya nuna, nice daga Latin ya fito, nescius, wanda bai sani ba, kuma wajen shekara ta 1300 ma'anarsa wawa. Kind kuma tushensu ɗaya da kin, wato dangi, kenan ka riƙe mutum kamar jininka, zumunci dai. Akwai considerate da thoughtful na mai lura da abin da zai dami wani, da hospitable na mai karrama baƙo, waɗannan ba su da rikici.

Ɓangaren mugunta ya fi yawan tarko. Mean a Ingila yakan zama marowaci, a Amurka kuma mai ƙeta da baƙar magana, ga shi kalmar ce dai ke nufin nufi, saboda haka in rowa kake son faɗi ka ce stingy ka huta. Rude na Faransanci tsanani ne, irin na sanyin hunturu ko aiki mai wuya, rude na Ingilishi kuwa marar ladabi ne, wanda ke shigowa ba sallama. Spiteful shi ne mai ƙeta na gaske, wanda zai ɓata abu don kar ka samu ko da shi ma bai ƙaru da komai ba. Selfish son kai. Callous na fi so duk cikinsu don daga kanta ya fito, irin ta tafin hannun manomi, mu ma ai muna cewa zuciyarsa ta yi kanta.

Sai rashin imani. Don Allah kar ka ce wa mutum he has no faith don ya ƙi taimakon marar lafiya, zai ɗauka addininsa kake zagi, rigima ta tashi a banza. Heartless ake cewa, ko ruthless in irin wanda ke taka kowa ne don ya kai ga abin da yake so.

Masu zuwa Kano da Maigatari saro kaya kuma kun sha jin you are wicked, can mugu ake nufi, wani lokaci ma cikin wasa ake faɗi in ka matse farashi da yawa. Amma in saurayin Landan ya ga sabon takalminka na fata ɗinkin Damagaram ya ce wicked, kar ka ɓata rai, yabawa yake, ka gaya mai kuɗin kawai.