Kafin Ka Sayi Injin Ƙyanƙyasa

Ɗan ƙanena ne ya shigo yana nuna min bidiyon injin ƙyanƙyasa a waya, ya gama lissafin ribar kajin da ko ƙwansu bai saya ba. "Baffa, kwana 21 ne fa kawai!" Na ce masa zauna tukuna.

Ni ma kwana 21 ɗin nan da ƙwai ke yi kafin tsako ya fito ne ya ruɗe ni. Zubin farko, ƙwan da na sa daga shagon bakin titi na sayo, irin na gona da masu shayi ke soyawa. Kajin gona ba zakara a cikinsu, ƙwansu ko shekara ya yi a inji ba zai zama tsako ba. Da na haska tocila a ɗaki mai duhu bayan kwana goma, ko jijiya ɗaya ban gani ba, fayau kamar ranar da aka saka shi. Kunya ta hana ni faɗa wa uwargida, na bar injin yana ta aiki. To amma wa ya gaya min? Mai sayar da injin kuɗinsa ya karɓa, takardar ciki kuma da rubutun China take.

Zubi na biyu na samo ƙwan gida na gaskiya, sai na wanke su tas saboda kashin kaji. Ashe wankin nan yana cire wani rufi da ke tare ƙwayoyin cuta daga shiga ɓawon. Ga shi lokacin hunturu ne, iska a bushe, ni kuma ina mantawa da tiren ruwa. Danshin da ya kamata ya tsaya wajen kashi 55, ya hau 65 zuwa 70 a kwana ukun ƙarshe, ban taɓa auna shi ba. Dare ɗaya NEPA suka ɗauke wuta, janareta ba mai, zafin da ake so ya zauna a digiri 37.5 na Celsius ya sauka har asuba. Wannan dai ba laifina ba ne. Ko da yake na san garin da nake zaune tun kafin in saya.

Wanda har yau ke damuna shi ne tsakon da ya huda ɓawo, bakinsa a waje yana kuka. Tausayi ya sa na ɓare masa da farce, jini ya biyo yatsana. Bai gama shanye gwaiduwarsa ba. Sauran kuma buɗe murfin da na yi ta yi ya busar musu da fatar ciki, suka maƙale. Warin baragurbi ya kwana biyu bai bar ɗakin ba.

Na so in jero muku shawarwari da yawa, amma na san ba za ku karanta ba, ku da bidiyon minti ɗaya ma sai kun wuce da shi. In ba ka da sola da batir, kar ka saya. Nemi kaza mai kwanci ka sa mata ƙwai goma, ba ruwanta da NEPA. In kuma ka nace, saya, don ni ma ba wanda ya isa ya hana ni, kuma sai da na yi asara na iya. Ƙwai daga gidan da ka ga zakara da idonka, kar ya wuce mako da kaza ta saka shi. Juya shi aƙalla sau uku kullum, ranar 18 ka daina, ka rufe murfin. Daga nan ko tsako ya kira sunanka kar ka buɗe, kuma don Allah ba sai ka ɗauki hoto ka sa a Facebook ba.