Kwamfuta 20 da ƙurar Damagaram

Ranar da aka sauke kwalayen har makaɗa aka gayyato. Kwamfuta 20 ne sababbi fil, wata ƙungiyar ƙasar waje ta kawo wa cibiyar koyon sana'a da nake aiki a nan Damagaram, aka kuma damƙa mini mabuɗin ɗakin. Aka yi jawabai da Faransanci, aka ɗauki hotuna, baƙi suka shiga motocinsu suka kama hanyar Yamai. Ko la'asar ba a kira ba kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke.

Bayan shekara biyu, 6 kaɗai ke tashi. Ba wanda ya saci ko waya guda. Ƙurar hunturu ce ta toshe fankokin ciki, zafin Afrilu ya dafa batiran da ke riƙe wuta, wata rana kuma kuran ya dawo da ƙarfin tsiya ya ƙone 4 nan take. Na rubuta takardar neman kuɗin gyara. Aka amsa mini cikin ladabi cewa kuɗin na sayen kaya ne, ba a ware na gyara ba, kuma an riga an rufe aikin, rahoto ya ce an cim ma buri.

Na daɗe ina zaton rashin sa'armu ce mu kaɗai, sai da aka tura ni wani horo na ji tushen maganar. A Disambar 2003 Majalisar Ɗinkin Duniya ta tara ƙasashe a Jeniba, ƙarƙashin jagorancin hukumarta ta sadarwa, ITU, kan yadda za a cike giɓin da ke tsakanin masu intanet da marasa shi. Aka yi alkawarin kai intanet ƙauyuka da makarantu da asibitoci kafin 2015. Shugaban Senegal na lokacin, Abdoulaye Wade, ya nemi a kafa asusun taimakon juna don wannan aiki. Ƙasashe masu hali ba su yarda a ɗora musu dole ba, aka bar shi na ganin dama, ƴan shekaru kaɗan ya durƙushe. A zagaye na biyu na taron, a Tunis cikin Nuwambar 2005, aka nuna wa duniya ƙaramar kwamfutar yara da aka ce dala 100 za a sayar da ita (dalar Amurka fa, da irin dalarmu ta nan ce da kowa ya saya wa ɗansa biyu). Tana da mariƙin da ake murzawa a samu caji. Kofi Annan ya kama ya murza gaban ƴan jarida, mariƙin ya ɓalle a hannunsa. Da malamin horon ya ba da wannan labari kowa ya yi dariya, ni kuwa matattun injunana na tuna.

Kada a ce na raina haɗin kan ƙasashe. Nijar ba ta da teku, intanet kuwa galibi ta ƙarƙashin teku yake zuwa, don haka dole ya ratso ƙasar wani kafin ya iso mu. Wayar gilashi mai ɗauko intanet da ake kira ta ƙetaren Sahara, wadda Bankin Raya Afirka ya zuba wa kuɗi don haɗa Aljeriya da Nijar da Najeriya da Cadi, reshenta guda daga nan Damagaram ya bi ta Magarya zuwa iyaka. Wannan aiki ba na ƙasa ɗaya ba ne. Mun kuma ɗanɗani abin da dogaro ke jawowa. A Agustan 2023, bayan juyin mulki, Najeriya ta katse wutar da take ba mu, aka yi watanni ana faman karɓa-karɓa. Ran 14 ga Maris 2024 wayoyin teku suka tsinke a gaɓar Kodebuwa, intanet ya yi ta sanɗa a ƙasashen yammacin Afirka. Mutumin da bai taɓa ganin teku ba, ga shi tsaye a unguwar Zango yana ɗaga salula sama yana neman rezo.

Amma darasin da ya fi shiga jikina wani dattijon baduku ne daga Birni ya koya mini shi. Ya shigo wata safiya, yana ƙamshin jima, ya zazzage jaka a kan teburina: alabe, takalma, matashin fata mai ja da kore. Na ja masa kujera gaban kwamfuta, ya girgiza kai.

“Mushe, ni ba wannan akwatin ya kawo ni ba. Ga talho a aljihuna. Wani Alhaji a Kano ya ce in aika masa hoton kayan nan, jikana da ke yi mini ya tafi Agadas.”

“To Baba, sai a rubuta masa farashi a ƙasan hoton.”

“Da wane rubutun, ɗana? Ni ajami na iya. Nuna mini inda ake dannawa a yi magana.”

Minti goma bai cika ba ya iya. Ya danna, ya gaida Alhaji da iyali da gajiya da sanyi, sannan ya shiga ciniki. Ni da na share shekara biyu ina koya wa matasa tsara wasiƙa da Faransanci a kan allon da ba shi da ƙ, ba shi da ɗ, ba shi da ɓ, inda ƙasa da kasa duk ɗaya ne, sai na ga tsohon nan ya tsallake giɓin da ake ta taro a kansa, da muryarsa, da yarensa. Mutanenmu sun daɗe da shiga WhatsApp da saƙon murya. Abin da ke tare su shi ne kuɗin kiredi, da wurin caji, da takardun hukuma da ba sa jin Hausa. Mata kuwa, da yawansu wayar ma ta miji ce ko ta babban wa, sai an dawo gida da dare.

Wanda ya tayar mini da kwamfuta 3 daga cikin matattun ma ba injiniya ba ne. Wani yaro ne mai rumfar caji da gyaran waya kusa da kasuwar Dole, yana da faifan sola biyu a kan rufin kwano, da burushin haƙori da yake share ƙura da shi. Jaka biyar na ba shi daga aljihuna. Ba wanda ya taɓa tambayarsa ra'ayi lokacin da ake tsara aikinmu, alhali ya fi kowa sanin abin da ke kashe na'ura a garin nan.

Da wata ƙungiyar ta zo bara da niyyar ƙaro mana injuna, na ce a dakata. Na roƙi sola da batiri, da kuɗin gyara na shekara uku a ba yaron nan, da aji na mata da hantsi bayan an gama aikin gida, a koyar da waya da Hausa. Jami'ar da ta zo ta saurara sosai, ta rubuta, ta ce sola da ajin mata za su shiga, albashin mai gyara kuwa tsarinsu bai tanadi gurbinsa ba.

Sauran matattun kwamfutocin suna nan jibge a ɗakin ajiya, kowace da tambarin masu kyauta manne a goshi, don ba a ba mu izinin fitar da su daga lissafi ba. Duk ranar da wata mai rai ta yi tari, sai in aika a kira yaron, ya zo da sukundireba ya ciro abin da yake buƙata daga cikinsu.