Abin da kabare ya koya mini kafin in bar aikin

Jiya na miƙa makullin ofis, da madubin hange, da littattafan da na cika da rubutu a gonaki. Shekara uku ke nan ina tashi daga Kano tun asuba in nufi Kura da Kadawa, wani lokaci har Bunkure, ina ƙirga sheƙar tsuntsaye. Waɗanda muka yi aiki tare sun san yadda aka rabu.

Tambayar da aka ɗora aikin a kanta ita ce ko sauyin yanayi ya taɓa lokacin da tsuntsayen gona ke yin ƙwai. Turawa sun daɗe da samun tasu amsar. A Ingila an gano nau'in tsuntsaye 20 da suka matso da lokacin ƙwansu da kusan kwana 9 tsakanin 1971 da 1995, saboda ɗumi na riga lokacinsa zuwa. A Holan kuma akwai wani ɗan tsuntsu mai cin ƙwari da ke zuwa cin rani nan Afirka ta Yamma; in ya koma sai ya tarar tsutsar da zai ciyar da 'ya'yansa ta riga ta wuce, har yawansa ya zube a wasu dazuzzuka. Oga ya haddace wannan, ni ma na haddace. A can zafi ne agogon tsuntsu. Mu kuma muka ɗauko agogon nan muka rataya shi a Kura.

A shekara ta biyu aka tsara in fara zagaye a tsakiyar Yuni. Sai ruwa ya sauka tun cikin Mayu, mai ƙarfi, har sau biyu. Na shiga wajen Oga na ce, "Ranka ya daɗe, ciyawa ta fito, ya kamata in leƙa." Ya ce kuɗin mai bai fito ba, kuma tsari tsari ne. Sau uku ina komawa.

Wanda ya san kabare ya san namiji ba ya saƙa sai da ɗanyen ganye, macen kuma ba ta shiga sheƙar da ta bushe. Ruwan Mayu ya ba su ganye da ƙwari, suka saƙa, suka yi ƙwai. Daga nan ruwa ya ɗauke kusan mako uku, suka watse. Da na iso, sai a Yuli na ga sababbin sheƙa a wata darbejiya, na rubuta cewa ƙwan farko ke nan.

Dattijon da ke da gonar geron wurin yana tsaye yana kallona. Ya ce, "Ɗana, wannan ai na biyu ne. Na farkon sun zubar tun da ruwa ya yaudare mu. Ni ma sai da na sake shuka." Na ce, "To, Baba," na rubuta maganarsa a gefen shafi. Da na zo shigar da bayanai a kwamfuta babu gurbin irin wannan magana, sai na bar ta a littafi. Wannan laifina ne, ban taɓa musu ba.

Lissafi ya nuna wai kabaren Kano na jinkirta ƙwai da wata guda, saɓanin tsuntsayen Turai. Oga ya yi murna, ya ɗauki sakamakon ya tafi taro Abuja, sunana ko a ƙasan takarda babu. A can wani ya tambaye shi yadda ruwan Mayu ya kasance a shekarar. Da ya dawo ya kira ni gaban kowa ya ce na kunyata shi. Rahoton gyara ya fita da sunana cikakke, har da na mahaifina. Maganar mai kuwa ba wanda ya tuna, don da baki na roƙa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne amsar gaskiya ta fi ta ƙaryar nauyi. A nan ruwa ne agogo, kuma matsalar ba wai ya zo da wuri ko a makare ba ce, a'a, ya fara ne ya tsaya. Tsuntsu ya kashe ƙarfinsa a ƙwan da ba zai ƙyanƙyashe ba, kamar yadda manomi ke asarar iri. Tsuntsun jan-baki ma ruwa yake bi, inda ciyawa ta yi 'ya'ya nan yake sauka ya hayayyafa. Shi ya sa mutanenmu ke duban zuwan shamuwa, ba kalanda ba.

Ga wanda zai gaje ni: kada ka haɗa bayanan Kadawa da na gonar tudu, ruwan dam ɗin Tiga na sa wurin kore har da rani. Ka riƙa gaida masu gona kafin ka ɗaga madubi. Duk abin da za ka roƙa, roƙe shi a rubuce, ka ajiye kwafi a gida.

Na ga sabon fom ɗin da za a ba ka. An ƙara gurbi na sheƙar da aka watsar, an kuma ce a fara zagaye daga ruwan farko. A ƙasa an rubuta cewa Oga ne ya tsara.