Juma'a da daddare a ɗakin wasan wata sakandare

Bayan sallar Juma'a Alhaji ya riƙe hannuna a bakin masallaci bai saki ba har muka isa wajen ajiye motoci. Mutumin Nijar ne, shekarunsa ashirin a nan jihar Indiana ta Amurka yana tuƙin babbar mota, ɗansa kuma yana buga wa wata sakandare ƙwallon kwando. Ya ce, "Malam, yau yaronka zai buga a gida. Don Allah ka zo ka gan shi da idonka, ka faɗa mini gaskiya." Ya san na yi shekaru ina mataimakin koci a wata ƙaramar kwaleji, kuma har yanzu wasu kociyoyi na karanta rahoton da nake tura musu. Na ce masa in sha Allahu ina nan.

Na yi Magariba da Isha a gida, na ɗauki littafina da biro. Sanyi ya yi tsanani, amma ɗakin wasan ya cika maƙil tun kafin ƙarfe bakwai. Mutanen Indiana ba sa wasa da ƙwallon kwandon sakandare. A garin New Castle akwai ɗakin wasan makaranta da ke ɗaukar mutum sama da 8,000. Na hau can sama, nesa da iyaye, domin daga nan ne mutum yake ganin fili gaba ɗaya kamar faifai.

Yaron yana ajin kusa da na ƙarshe. Shi ne lamba ɗaya, mai tsara wasa, wanda ƙwallo ke fara shiga hannunsa. A takardar makaranta an rubuta tsawonsa ƙafa 6. Da suka jeru na gwada shi da alƙalin wasa, ban ga ya wuce ƙafa 5 da inci 10 ba. Wannan na fara rubutawa, domin kocin kwaleji zai auna shi da kansa ba takalmi.

Zango na farko ya yi kyau ƙwarai. Yana da sauri, kuma idonsa na sama lokacin da yake tafe da ƙwallo, ba ya kallon ƙasa. Sau biyu ya miƙa ƙwallo wa ɗan wasan da ke kusurwa tun kafin shi wancan ya san ya kuɓuce. Ɗayar ma ta daki yaron a ƙirji ta fita waje. Mai lissafi zai rubuta wannan a matsayin kuskure, ni kuwa na sa mata alama mai kyau, domin a kwaleji akwai hannun da zai cafe ta.

A zango na biyu kocin baƙi ya gano shi. Ya sa mai tsaronsa ya toshe masa dama, ya bar masa hagu a buɗe. Nan abin ya fito fili. Da hannun hagu bugu biyu kawai yake yi wa ƙwallo sai ya tsaya, ko ya juya baya ya nemi komawa dama. Na ƙirga sau 9 da aka kora shi hagu. Sau ɗaya tak ya kai gindin kwando. A sakandare za ka iya cin wasa da hannu guda har ka gama makaranta. A kwaleji kuwa akwai mataimakin koci da aikinsa kallon bidiyonka, kafin wasan farko ma duk sun san inda ba ka so.

Sai batun jifa daga nesa. Ya jefa uku masu maki uku-uku, mutane suka yi ta ihu, amma duk ukun yatsun ƙafarsa na bakin layi. Layin sakandare ƙafa 19 ne da inci 9 daga kwando. Na kwaleji ƙafa 22 ne da kusan inci 2, tun da NCAA, hukumar wasannin kwalejojin Amurka, ta matsar da shi a 2019. Bambancin ba ya kai ƙafa uku, amma yaron yana tura ƙwallo ne daga haɓarsa, kuma da ya ja baya sau ɗaya sai ƙwallon ta daki gaban ƙarfen kwando. Gajeren mutum mai sakin ƙwallo daga ƙasa, dogo zai mare ta. Filin ma ba ɗaya ba ne: ƙafa 84 a yawancin sakandare, 94 a kwaleji, wasa kuma minti 40 maimakon 32. Kuma can akwai agogon daƙiƙa 30 da ke kan kowane hari. Yau na ga ya riƙe ƙwallo fiye da minti ɗaya yana jiran hanya, ba abin da ya kore shi.

Amma abin da ya sa nake rubutu yanzu da ƙarfe goma sha ɗaya maimakon barci ya faru ne a zango na uku. An ƙwace masa ƙwallo a tsakiyar fili, kuskurensa ne ƙarara. Yara da yawa a nan sukan tsaya su ɗaga hannu wa alƙali, ko su sunkuyar da kai. Shi ya juya da gudu, ya riga mai ƙwallon isa, ya dasa ƙafafunsa ya karɓi karo a ƙirji ya faɗi. Alƙali ya ba su ƙwallo. Da ya tashi bai daki ƙirji ba, wajen dogon ɗan wasansu ya nufa, wanda ya zubar da ƙwallo uku a jere kuma ya fara ja da baya, ya yi masa magana a kunne. Hari biyu da suka biyo baya duk shi ya ba. Dogon ya ci duka biyun, ya farfaɗo har ƙarshen wasa. Koci bai ce masa ya yi haka ba, ina kallon benci. Hannun hagu ana gyara shi da rani ɗaya ko biyu na aiki, jifa ma ana ɗaga shi. Wannan ɗabi'ar ta lura da wanda ya karaya a cikin 'yan'uwanka kana tsakiyar naka kuskuren, ban taɓa iya koya wa wani ita ba a duk shekarun da na yi.

Sun ci da ratar maki 6. Shi yana da maki 17.

Alhaji ya tare ni a ƙofa, fuskarsa cike da murna. Ya ce wani a wajen aikinsu ya faɗa masa shahararren ɗan wasa Stephen Curry ma manyan makarantu sun raina shi. Gaskiya ne, ƙaramar kwalejin Davidson ya tafi, ya kai su wasan kusa da na kusa da ƙarshe na gasar kwalejoji a 2008. Ja Morant, wani tauraron, ma a wani ɗan ƙaramin ɗakin wasa na gefe wani mataimakin kocin jami'ar Murray State ya gan shi. Muggsy Bogues da tsawon ƙafa 5 da inci 3 ya buga wa jami'ar Wake Forest har ya shiga NBA, babbar gasar ƙwararru, a 1987. Na ce masa, "Alhaji, ana ba da labarinsu ne don ba su da yawa." Na gaya masa yadda na ga yaron a yau: ɗan rukuni na biyu ne na NCAA, ko makarantun NAIA, wata hukumar ta ƙananan kwalejoji, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin suna ba da tallafin karatu. Rukuni na uku ba sa bayarwa don wasa. Rukuni na ɗaya kuwa, na manyan makarantu, tun da aka buɗe ƙofar sauya makaranta a 2018 aka kuma sassauta ta a 2021, kociyoyi sun fi son ɗauko ɗan shekara 22 da ya riga ya goge a kan yaro ɗan 18, musamman a wannan matsayi.

Ya yi shiru. Na ga abin ya taɓa shi, ni ma ya taɓa ni. Sai na tambayi makin karatun yaron, domin NCAA na neman darussa 16 na tilas, da matsakaicin maki 2.3 a rukuni na ɗaya, 2.2 a na biyu. Ya ce yana sama da 3. Na ce to ya riƙe wannan da hannu bibbiyu.

Yaron ya fito da jaka a kafaɗa, ya ɗan rusuna ya ce, "Kawu, ina wuni." Kafin in buɗe baki ya ce, "Hagun ne, ko?" Na ce hagun ne. Ya tambaya ko ina da lokaci gobe. Mun yi da shi ƙarfe bakwai na safe a ɗakin wasan unguwa, na ce ya zo da ƙwallo biyu. Rahoton kuma na rubuta shi, zan tura wa kociyoyi biyu ranar Litinin.